Joseph Henry (1797–1878) da Tartsatsin Naɗaɗɗiyar Waya

An haifi Joseph Henry a birnin Albany na jihar New York, Amurka, ranar 17 ga Disamba 1797. Da koyon gyaran agogo ya fara, kafin ya zama malamin lissafi a makarantar Albany Academy a 1826, inda ya duƙufa kan maganaɗisun lantarki.

A 1832 ya bayyana wani abu da ya lura da shi: idan aka katse wutar da ke bin doguwar waya, musamman naɗaɗɗiya, sai tartsatsi ya tashi a mayankar, alhali gajeriya ba ta yin haka. Dalili kuwa, maganaɗisun da ya taru a naɗin yakan rushe farat ɗaya, ya haifar da ƙarfin lantarki ninkin-ba-ninkin na batirin. Wajen 1835, a Princeton, ya ƙera makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafa babba da shi, wato rile. Wannan makunni naɗin waya ne a cikinsa, don haka bai tsira daga matsalar ba. Shi ya sa masu ƙera ƙananan jiragen sama a gida suke haɗa dayod a kan naɗin, domin wutar ta zagaya ta lafa maimakon ta ƙona bakin makunni ko ta lalata na'urorin matuƙi.

Henry bai yi rajistar mallakar fasaharsa ba. Samuel Morse ne ya ci moriyarta a telgiraf, har suka yi saɓani. Ya shugabanci cibiyar Smithsonian daga 1846 har rasuwarsa a Washington ranar 13 ga Mayu 1878.