Domingos da Guia, ɗan bayan da ya ci kofi a ƙasashe uku

An haifi Domingos da Guia a birnin Rio de Janeiro a 1912, ya kuma fara taka leda a Bangu, ƙungiyar ma'aikatan wata masaƙa. A zamanin da aikin ɗan baya bai wuce ya doka ƙwallo gaba ya huta ba, shi sai ya tare ta cikin natsuwa, ya yanke ɗan gaba, sannan ya miƙa wa nasa.

A 1933 ya ƙetara Urugwai, ya lashe gasar ƙasar da Nacional. Ya dawo gida ya ci kofin Rio da Vasco da Gama a 1934, da shekara ta zagayo kuma ya ɗaga na Ajantina da Boca Juniors.

Sai dai gasar cin kofin duniya ta 1938 a Faransa ta bar masa tabo. A wasan kusa da na ƙarshe, ya kayar da Silvio Piola, alƙalin wasa ya ba Italiya fenareti, Giuseppe Meazza ya zura, aka fitar da Birazil da ci 2-1.

Ya mutu a 2000, bayan ya ga ɗansa Ademir ya zama gwarzon Palmeiras.