Noel Chavasse: Ɗan Tsere Da Ya Zama Likitan Soja

Yara, yau za mu karanta labarin wani mutumin Ingila mai suna Noel Chavasse. Ana faɗin sunansa Nowel Shabas. Yana saurayi ya yi tsere a wasannin Olimfik, amma bai ci ba. Daga baya ya zama likita, ya tafi yaƙi. A can ya yi suna, domin rayukan da ya ceta.

Yarintarsa

An haifi Noel a garin Oxford, a ƙasar Ingila, ran 9 ga watan Nuwamba, 1884. Su tagwaye ne. Ɗan'uwansa Christopher shi ya fara zuwa duniya. Da a gidan Hausawa aka haife su, da Christopher ne Hasan, Noel kuwa Husaini. Sun yi kama ƙwarai, har mutane ba sa iya bambanta su.

Ubansu babban limamin Kirista ne. A shekara ta 1900 aka ba shi aiki a Liverpool, sai iyalin duka suka koma can. Liverpool gari ne mai tashar jiragen ruwa, kamar Duwala.

Tagwayen nan suna son wasa, musamman gudu da ƙwallon zari-ruga. Amma wasa bai hana Noel karatu ba. Ya shiga Jami'ar Oxford, ya gama a shekara ta 1907 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Tseren Olimfik

A shekara ta 1908 aka yi wasannin Olimfik a birnin Landan. Aka zaɓi Noel da Christopher su yi wa ƙasarsu tseren mita 400. Wannan tsere yana da wuya. Mutum zai yi gudu da iyakar ƙarfinsa, ba hutawa, har ya zagaye filin tsere irin na yau sau ɗaya.

A zagayen farko Christopher ya zo na biyu a rukuninsa, Noel ya zo na uku a nasa. Dukansu biyu aka fitar da su. Suka koma gida hannu wofi, ba lamba ko ɗaya.

Noel ya koma ga littattafansa. A shekara ta 1912 ya zama cikakken likita. Ya yi aiki a wani asibitin Liverpool, a ƙarƙashin Robert Jones, wanda ya shahara wajen gyaran ƙashi. A shekara ta 1913 ya shiga ƙungiyar likitocin soja. Aka haɗa shi da wata bataliya da ake kira Liverpool Scottish.

Babban yaƙi

A watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ingila da Faransa suna gefe ɗaya, Jamus tana ɗaya gefen. Wannan yaƙi ya zo har garinmu, domin a lokacin Kamaru tana hannun Jamusawa. Ran 27 ga Satumba, 1914, sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Duwala. Cikin sojojin da Ingila ta kawo daga Nijeriya akwai Hausawa da yawa.

Shi kuwa Noel, Turai aka yi nasa yaƙin. A watan Nuwamba na 1914 ya ƙetare teku tare da bataliyarsa zuwa Faransa, daga nan suka wuce Beljiyam.

Sojoji a can sun haƙa dogayen ramuka, suna zaune a ciki dare da rana. Ramukan cike suke da ruwa da taɓo. Ku tuna yadda lungunan New Bell ke zama in an yi mako guda ana ruwa. To, ku ƙara da sanyi mai tsanani, irin wanda ke sa ruwa ya daskare. Ƙafafun sojoji suka riƙa kumbura suna ruɓewa. Ƙwarƙwata ta cika tufafinsu.

Noel bai jira sai an harbi mutum sannan ya yi aiki ba. Yakan duba ƙafafun sojojinsa. Yakan nemo musu busasshiyar safa da abin sha mai zafi. Ya shirya musu wurin wanka da wurin wanke tufafi. Ya san cewa ƙazanta da sanyi ma suna kashe mutum.

Likita a tsakiyar wuta

Tsakanin ramukan Ingila da na Jamus akwai fili. Duk wanda ya fita filin nan, ana iya harbinsa. In an yi karo, waɗanda aka ji wa rauni sukan kwanta a can suna kiran taimako. Aikin likita shi ne ya jira a wurinsa a kawo masa su. Amma Noel yakan fita da kansa ya nemo su.

A watan Yuni na 1915, a wani wuri mai suna Hooge, ya yi ta fita yana ɗauko masu rauni. Saboda haka aka ba shi lambar girma ta farko.

Ran 9 ga Agusta, 1916, bataliyarsa ta kai hari a Guillemont, a Faransa. Mutane da yawa suka faɗi. Noel ya wuni yana ɗaure raunuka a fili, harsashi na wucewa ta ko'ina. Da dare ya yi, ya ci gaba da neman waɗanda suka rage. Kashegari ya taimaka aka ɗauko wani mai mummunan rauni, tafiyar kusan mita 450. Ana cikin tafiyar, ɓarɓashin bam ya same shi a kwiɓi. Duk da haka, a daren nan ya sake fita da mutum 20. Suka ɗauko sojoji 3 daga wani rami da bai fi mita 25 ba daga abokan gāba. A wannan karo ya ceci mutum wajen 20 masu munanan raunuka.

Sarkin Ingila ya ba shi Victoria Cross. Ita ce lambar jaruntaka mafi girma a ƙasar.

Rasuwarsa

Ran 31 ga Yuli, 1917, aka fara wani babban karo kusa da garin Ypres, a Beljiyam. Tun da wuri aka ji wa Noel rauni a kai, yana ɗauke da wani soja. Aka ce ya koma baya a yi masa magani, ya ƙi. Kwana biyu yana aiki, ga gajiya, ga yunwa, ga ciwo. Bai daina fita neman masu rauni ba.

Ran 2 ga Agusta, kafin gari ya waye, bam ya faɗa cikin ramin da yake duba marasa lafiya. Ya sami babban rauni a ciki. Aka kai shi asibitin soja a Brandhoek, aka yi masa aiki. Amma ran 4 ga Agusta, 1917, ya rasu, yana da shekara 32. A can Brandhoek aka binne shi.

Bayan rasuwarsa aka ba shi Victoria Cross ta biyu. A duk Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi kaɗai ya sami lambar nan har sau biyu. A tarihi ma, mutum 3 kawai suka taɓa samunta sau biyu, kuma 2 daga cikinsu likitoci ne.

Christopher ya tsira daga yaƙin, ya zama babban limami kamar ubansu. A shekara ta 2008 mutanen Liverpool suka kafa mutum-mutumin Noel, yana tallafe da soja mai rauni.

Yara, Noel bai ci tsere ba a Landan. Amma ƙarfin jiki da juriyar da ya samu a filin wasa, su ya yi amfani da su ya ɗauki mutanen da ba sa iya tafiya. Hausawa sun ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kalmomi

tagwaye: les jumeaux
tsere: la course
likitan soja: le médecin militaire
ramin yaƙi: la tranchée
rauni: la blessure
lambar girma: la médaille

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Noel? A wane gari?
2. Na nawa ya zo a tseren Olimfik?
3. Wace rana aka karɓi Duwala daga hannun Jamusawa?
4. Faɗi abu biyu da Noel ya yi don kare lafiyar sojoji a cikin ramuka.
5. Don me aka ba shi Victoria Cross?
6. In abokinka ya ji ciwo a filin ƙwallo, me za ka fara yi?