Hudson Taylor, Wanda Ya Koyi Dogara Ga Allah

Ɗan'uwa, ko ɗanka yana so ya shiga aikin Ubangiji, kai kuwa kana damuwa da guzurinsa? Ka ji labarin Hudson Taylor.

An haife shi a Ingila a 1832. Allah ya kira shi zuwa ƙasar Sin. Kafin ya tafi, ya koyi aikin magani wurin wani likita a garin Hull. Wani dare ya ba wani matalauci kuɗinsa na ƙarshe, gama matar mutumin tana ciwo ƙwarai. Kashegari wasiƙa ta kawo masa riɓi huɗu.

Ya tashi a 1853. Ya kafa ƙungiyar bishara a 1865, ba ya roƙon kowa kuɗi sai Allah. Ya rasu a Sin a 1905.

Kada ka hana ɗanka. Ka yi addu'a, ka taimake shi daga rumbunka.