Umaru Altine

Malam Umaru Altine Bafulatani ne, falken shanu kuma ɗan siyasa daga lardin Sakkwato. Shi ne magajin gari na farko da aka zaɓa a birnin Inugu, wanda a wancan lokaci shi ne cibiyar haƙar kwal ta Najeriya. Sunan Altine na nufin wanda aka haifa ranar Litinin.

Garin da ya zauna

Kafin zuwan Turawa, yankin Inugu ƙauyuka ne na manoma a kan tsaunukan Udi. Sunan ya samo asali daga kalmomin Ibo masu ma'anar saman tudu. A shekarar 1909 aka gano kwal a yankin, aka fara haƙa a 1915, sannan a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Ma'aikata suka yi ta kwarara, buƙatar nama ta ƙaru. Da yake ƙudan tsando na hana kiwon shanu sosai a kudu, daga Arewa ake kai su. Wannan fatauci shi ne sana'ar Altine a Inugu, inda ya zauna har ya auri 'yar ƙabilar Ibo.

Siyasa

A ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley yayin yajin aiki. Kisan ya ƙara zafafa gwagwarmayar neman 'yancin kai a garin. A wannan yanayi Altine ya yi fice a jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, har ya shugabanci reshen matasanta na Inugu.

A 1956 Inugu, wadda ita ce hedikwatar Jihar Gabas, ta samu matsayin birni mai majalisarsa, aka kuma zaɓi Altine ya zama magajin gari, duk da cewa mafi yawan mazauna birnin Ibo ne Kiristoci, shi kuwa Musulmi ne ɗan Arewa.

Abin da ake tunawa da shi

Shekara goma bayan zaɓensa, rikicin 1966 ya raba 'yan Arewa da 'yan Gabas da gidajensu, a 1967 kuma Inugu ta zama hedikwatar Biyafara. Har yau ana kawo sunan Altine a muhawara kan ɗan ƙasa da baƙo, musamman idan an zo maganar ko mazaunin gari na da haƙƙin shugabantarsa.