TARIHIN SHARL DA FUKO, BATUREN DA YA ZAUNA CIKIN BUZAYE

 

Samarinmu da yawa sun bi hanyar Arlit da Assamaka har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. A can suna ganin wani tsohon gini na ƙasa mai kama da ganuwa, a ce musu nan ne aka kashe wani Bature. A shekarar 2022 kuma aka ji a rediyo an sa Baturen nan cikin waliyyan Katolika. Tun da labarinsa ya taɓa na garinmu, mun ga ya kamata mu kawo shi daki-daki.

Sunansa da Faransanci Charles de Foucauld, mu kuwa sai mu ce Sharl da Fuko. An haife shi ran 15 ga Satumba 1858 a Sitrasbur, ƙasar Faransa, a gidan masu hali. A 1864 uwa da uba suka rasu, kakansa na wajen uwa, wani kanar na soja, ya riƙe shi. A 1876 ya shiga babbar makarantar soja ta San Sir. Da kakan ya rasu ya gaji dukiya mai yawa, ya shiga ɓarna da ita, ga ci ga sha, addini kuwa ya riga ya yar. Aka tura shi aikin soja Aljeriya, aka sallame shi a 1881 saboda rashin ɗa'a, ya koma na ɗan lokaci, kana ya ajiye aikin a 1882.

Daga 1883 zuwa 1884 ya yi ɓad-da-kama da shigar Bayahude, ya zaga ƙasar Maroko tare da wani malamin Yahudawa, yana auna hanyoyi da duwatsu a ɓoye. Wannan aiki ya jawo masa lambar zinariya a Paris. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga Musulmi suna barin kome su tsaya salla. Shi da kansa ya rubuta cewa ganin haka ya girgiza shi. Bai musulunta ba. A watan Oktoba 1886 ya tuba ya koma addinin iyayensa a hannun wani fada mai suna Hubelan.

A 1890 ya rabu da dukiya, ya shiga cikin masu gudun duniya na Katolika, ya zauna da su a Faransa da ƙasar Sham. Daga 1897 ya yi shekara uku a Nazarat yana aikin bara a gidan mata masu ibada. Ran 9 ga Yuni 1901 aka naɗa shi fada, ya nufo hamada ya sauka Beni Abbas. A nan ya iske ana cinikin bayi a gaban idon sojan Faransa. Ya fanshi kaɗan, ya yi ta rubuta wa manyansa takardun kuka a kan haka.

A watan Agusta 1905 ya sauka Tamanrasat da yardar Musa ag Amastan, sarkin Kel Ahaggar. Garin a lokacin bukkoki ne wajen ashirin. Ya gina ɗan ɗaki, yana ibada, yana ba da magani da hatsi. Aka yi fari a 1907, ya raba abincinsa har ya ƙare, a farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi. Buzaye suka bi rugage suna tara masa ɗan nonon awakin da ya rage, har ya tashi. Musulmi matalauta ne suka ceci ransa, kuma bai manta ba.

Babban aikinsa shi ne harshen Tamashek. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana zama da tsofaffi da mata, yana rubuta kalmomi da karin magana da waƙoƙi, da taimakon wani marubuci mai suna Ba Hammu. Ƙamus ɗinsa na Tamashek da Faransanci littafi huɗu ne, shafi fiye da 2,000, an buga shi a 1951 da 1952, masana na amfani da shi har yau. Waƙoƙin da ya tattara sun kai baiti wajen 6,000. Duk zaman nan ba Buzu ko ɗaya da ya shiga addininsa, ba kuma almajirin da ya dawwama tare da shi.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya gefen. Fuko tsohon hafsa ne, aminin Laperin, kwamandan sojan hamada. Yana aika wa hafsoshin Faransa labarin abin da ke gudana a ƙasar, yana kuma ganin mulkin Faransa alheri ne ga Buzaye. Da yaƙin duniya na farko ya yi zafi, ƴan Sanusiyya suka taso daga wajen Libiya, sai ya gina ganuwar nan don mutanen gari su fake, aka ajiye bindigogi a ciki. Ran 1 ga Disamba 1916 mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi. Ana cikin haka wasu sojan raƙumi biyu suka ɓullo, yaron da aka bar wa tsaronsa, ɗan shekara kamar goma sha biyar, ya firgita ya harbe shi a ka. Ya mutu yana da shekara 58.

A cikin watan nan na Disamba ne Kawsan ya iso Agadas, suka haɗa kai da Sarkin Abzin Tagama, suka kewaye barikin Faransa. A farkon Maris 1917 sojan Faransa suka taso daga Damagaram suka karya su, suka kashe mutane da yawa a gari, har da malamai. Tagama ya rasu a kurkukun Damagaram a 1920. Guguwar da ta ci Fuko ita ce ta ci kakanninmu, shi kuwa yana ɓangaren masu mulkin. Shi ya sa wasu masana tarihi suka yi ƙorafi da aka ce za a ɗaukaka shi.

Yaya Katolika ke sa mutum cikin waliyyai? A wurinmu waliyyi sanin Allah ne, jama'a kuma su shaida. Su kuwa suna da tsari kamar na shari'a. Bayan rasuwar mutum da shekara biyar, bishop ya tara shaidu da rubuce-rubucensa, a aika Roma. In an gamsu da halinsa, Paparoma ya ce abin girmamawa ne. Sa'an nan a nemi wani abin al'ajabi da ya auku bayan an yi roƙo ta hanyarsa, likitoci su bincika su ce ba su da bayaninsa, a kira shi mai albarka. In an sami na biyu, a ce waliyyi ne. Wanda aka kashe saboda addininsa ana ɗauke masa na farkon, amma ba a sa Fuko cikin waɗannan ba.

An buɗe bincikensa a 1927, a 1929 aka mai da gawarsa El Goleya. A 2001 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya amince da halinsa. Ran 13 ga Nuwamba 2005 aka kira shi mai albarka, bisa warkewar wata mata ta Italiya daga ciwon daji. Na biyun ya auku ran 30 ga Nuwamba 2016 a Somur ta Faransa, inda wani saurayi kafinta ya faɗo daga rufin majami'a, tsawon mita 15 da ƴan kai, ya tashi da ƙafafunsa. Ran 15 ga Mayu 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyai, shekara 95 bayan fara bincike. Suna tunawa da shi kowace 1 ga Disamba. Al'adarsu ce kuma majami'a ko makaranta ko jariri a ba shi sunan wani waliyyi ya zama uban gidansa, yanzu ana zaɓen sunan Fuko haka nan. Ƙungiyoyin da suka bi sawunsa, na maza a 1933 da na mata a 1939, sun bazu a ƙasashe da yawa.

Mu dai Musulmi ne, hukuncin addininsu nasu ne, hisabi kuwa na Allah. Abin da muke roƙo shi ne, ɗanmu da ya je Tamanrasat ya san tarihin ginin nan duka, da mai daɗi da marar daɗi. Baƙo ya zauna shekara goma sha ɗaya yana rubuta maganar tsofaffin Ahaggar. Labarin shekarar Kawsan da dattawanmu suka ji daga bakin iyayensu kuwa yana tafiya da masu tafiya. Duk mai karatu a cikinmu, in ya zo gida, ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban tsoho ya rubuta, ya kawo wa ƙungiya mu buga.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya dawo da matafiya gida lafiya. Wassalam.