Marigayi Iya Mashal Ibrahim Alfa, Matuƙin Jirgin Yaƙin Da Ya Taɓa Riƙon Jihar Kaduna

Mutanen Jibiya da na ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar sun san rugugin jirgin yaƙi sarai, musamman tun daga shekarar 2018, sa'ad da rundunar mayaƙan sama ta girke jirage a Katsina don fatattakar 'yan bindiga daga dazuzzukan Zamfara da na yammacin Katsina. Amma kaɗan ne cikin samarin da ke ɗaga kai su dubi jiragen nan suka san cewa an yi zamanin da wani matuƙin jirgin yaƙi ya riƙe mulkin ƙasarsu. Daga watan Yuli na 1978 zuwa farkon Oktoba na 1979, lokacin da lardin Katsina baki ɗaya, har da Jibiya, yake cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kantoman sojan jihar shi ne Guruf Kyaftin Ibrahim Mahmud Alfa, wanda daga baya ya zama hafsa na farko a tarihin mayaƙan saman Nijeriya da ya kai muƙamin Iya Mashal.

An haifi Ibrahim Alfa ran 14 ga watan Agusta, 1942, a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ya yi karatun firamare a Jimeta, ya zarce makarantar Midil ta Yola wadda ta koma sakandaren lardi, sa'an nan ya tafi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, watau Barewa, inda ya kammala a 1962. A wancan zamani ɗalibin da ya fito daga Barewa bai rasa aikin ofis mai kujera da fanka. Shi kuwa sai ya zaɓi aikin da ko sunansa bai gama zama a bakin mutane ba.

A watan Yuni na 1963, lokacin da ya shiga aikin sojan sama, rundunar kanta ba ta da dokar da ta kafa ta, domin sai a 1964 majalisa ta zartar da ita. Gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta nemi Jamus ta Yamma ta taimaka, aka aiko da Kanar Gerhard Kahtz ya zama shugaban rundunar na farko, aka kuma yi mata mazauni a Kaduna. A watan Agusta na shekarar aka kwashi samari fiye da 80, har da Alfa, zuwa wani gari da ake kira Uetersen a arewacin Jamus. Ya shekara kusan uku a can. A watan Yuni na 1966 aka kirawo su gida, aka ba shi igiyar ƙaramin laftana, domin a lokacin muƙaman sojan ƙasa mayaƙan sama suke amfani da su.

Gidan da suka komo ba shi ne wanda suka bari ba. An yi juyin mulki a watan Janairu, Jamusawan da ke koyarwa sun tattara nasu ya nasu, wani juyin kuma na nan tafe a watan Yuli. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, Nijeriya tana da 'yan matuƙa da jiragen koyo da na jigila, amma ba ta da jirgin yaƙi sosai ko ɗaya. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata. Janar Yakubu Gowon ya juya wajen Rasha, kafin ƙarshen watan Agusta kuwa aka fara sauke jiragen MiG-17 da MiG-15 a filin jirgin saman Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya, daga baya aka ƙara da masu jefa bom samfurin Ilyushin 28, waɗanda Misirawa suka riƙa tuƙawa. Alfa yana cikin waɗanda aka aika Rasha a shekarar nan don su koyi tuƙin MiG. Yaro ɗan shekara 25 da ya koyi tashi a hannun Jamusawa, sai ga shi a gaban Rashawa yana sake koyo, yaƙi kuma yana jiransa.

Ya kamata mai karatu ya san irin jirgin da ake magana. MiG-17 kujera ɗaya gare shi, da manyan bindigogi uku a ƙarƙashin hancinsa. Jirgi ne mai jure wahala, amma mansa ba ya kai shi nesa, irin wanda Nijeriya ta samu kuma ba a ƙera shi don farauta cikin duhu ba. Wannan ne ya sa jiragen da ke kai wa Biyafara abinci da makamai suka riƙa sauka a filin Uli da dare. Saboda gajeren zangon jiragen, tilas aka matso da su kusa da bakin daga. Bayan da sojojin Kanar Murtala Muhammed suka ƙwato Binin a watan Satumba na 1967, filin jirgin garin ya zama ɗaya daga cikin sansanonin mayaƙan sama, kuma a cikin yaƙin an danƙa wa Alfa shugabancin rukunin da ke can. Ya sami igiyar kyaftin a 1969.

Shekarar 1969 kuwa ta yi wa rundunar zafi. A watan Mayu wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya zo wa Biyafara da 'yan ƙananan jirage biyar ɗauke da rokoki, suna tafiya dab da kan itatuwa, suka kai hari filayen Fatakwal da Binin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa. A watan Oktoba kuma shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu sa'ad da jirginsa ya faɗi a Uzebba. Akwai kuma wani gefe na yaƙin saman da bai kamata a rufe ba: bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da gidajen farar hula a yankin Biyafara, mutane da yawa sun hallaka, duniya ta yi ta suka. Duk lambar da aka liƙa wa mayaƙin sama saboda yaƙin nan, da wannan nauyi take tafe.

Lambobin da Alfa ya samu iri biyu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai na hidimar zamanin rikici da yaƙin basasa, watau lambar tsaron ƙasa da lambar bautar ƙasa da makamantansu, waɗanda aka bai wa dubban sojoji da suka yi aiki a shekarun nan, daga hafsa har kurtu. Akwai kuma tauraron gwanintar tashi, wanda ya keɓanta ga masu aiki a cikin jirgi. Wannan na biyu shi ne abin da matuƙi ke duba a ƙirjin ɗan'uwansa matuƙi.

Da aka ajiye makamai a watan Janairu na 1970, sai aka tura shi Kano ya shugabanci sashen koyar da tuƙi. A ganin masu lura da al'amuran rundunar, aikin nan bai gaza na bakin daga muhimmanci ba, domin yaƙi ya nuna wa Nijeriya illar dogara da matuƙan haya. Ya zama manjo a 1972, ya tafi Jihar Texas ta Amurka ya yi kwas na malaman tuƙi a kan jirgin T-38, ya komo Kano a 1973 ya karɓi runduna ta 64 ta jiragen yaƙi. A ƙarshen 1974 ya sake komawa Rasha don koyon MiG-21, jirgin da gudunsa ya ninka na sauti, wanda Nijeriya ta fara karɓa a 1975. A zamanin da Gabas da Yamma ba sa ga maciji da juna, ba kowane matuƙi ne ya zauna a jiragen ɓangarorin biyu ba.

Daga 1976 zuwa 1978 yana cikin Majalisar Ƙoli ta Soja, ɗaya daga cikin mafi ƙarancin shekaru. Sa'an nan Janar Olusegun Obasanjo, cikin shirin miƙa mulki, ya sauya gwamnonin soja da kantomomi, Kaduna ta faɗo wa Alfa. Abin lura, Usman Jibrin da Muktar Muhammed da suka riƙe jihar kafinsa duk mayaƙan sama ne, haka ma Usman Mu'azu da ya zo a 1984. A hannun Alfa aka ɗage takunkumin siyasa, aka yi zaɓen 1979, ya miƙa jihar ga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ran 1 ga Oktoba, ya koma bariki. A 1980 ya tafi kwalejin yaƙin sama da ke Montgomery a Amurka, ya komo ya riƙe sashen ayyuka na rundunar, ya zama Iya Bayis Mashal a 1983.

A farkon watan Janairu na 1984 Janar Muhammadu Buhari ya naɗa shi Babban Hafsan Mayaƙan Sama, na takwas a jeri. Da wannan muƙami ya sake zama a Majalisar Ƙoli, kuma gwamnatin nan ce ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu na 1984. Babu wanda zai ba Jibiya labarin abin da ya biyo baya. Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta mutu, ga fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Sai a 1986 aka buɗe.

Ta fuskar kayan aiki, farkon zamaninsa ya yi kama da lokacin girbi. An kawo jiragen Jaguar 18 daga Ingila, da MB-339 daga Italiya, da L-39 daga Cekoslobakiya, ga Alpha Jet da MiG-21 da ya tarar. Janar Ibrahim Babangida, da ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, ya bar shi a kan kujerarsa. Amma watanni huɗu bayan haka aka ba da sanarwar bankaɗo wani yunƙurin juyin mulki da aka jingina wa Manjo-Janar Mamman Vatsa. Cikin hafsoshi 10 da aka harbe ran 5 ga Maris, 1986, huɗu mayaƙan sama ne: Wing Kwamanda Ben Ekele da Adamu Sakaba, da Sukwadiron Lida Martin Luther da Asen Ahura. Alfa yana cikin majalisar mulkin soja da hukuncin ya bi ta gabanta, waɗanda aka harbe kuwa yaransa ne.

Daga nan gwamnati ta riƙa kallon rundunar da wutsiyar ido. Kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, kayan gyara suka gagara. Jirgin yaƙi kuwa ko yana ajiye yana cin kuɗi, matuƙin da ba ya tashi kuma hannunsa mutuwa yake yi. A cikin wannan hali ne, ran 1 ga Oktoba, 1987, mako guda bayan an yanke Jihar Katsina daga Kaduna, aka ɗaga Alfa zuwa Iya Mashal. Girma ne da ya cancanta, ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka biyo bayansa. Sai dai igiyar ta hau kafaɗarsa ne daidai lokacin da jiragensa ke komawa rumfa ɗaya bayan ɗaya. Jaguar ɗin nan 18, da aka zuba musu dukiya mai yawa, ba su kai shekara goma suna tashi ba.

Ya sauka a farkon 1990, bayan shekara shida a kan muƙamin, Nuraini Yusuf ya gaje shi. A shekarar nan ce aka tura sojojin Nijeriya Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, inda matuƙan da aka horar a zamaninsa suka yi aiki da Alpha Jet, irin jirgin da shekaru da dama bayan haka aka sake ɗora wa aikin dazuzzukan arewa maso yamma.

Iya Mashal Ibrahim Alfa ya rasu a watan Maris na shekarar 2000, yana da shekara 57. Allah ya jiƙansa.