Taƙaitaccen Tarihin Knute Rockne (1888-1931)

An haifi Knute Rockne a garin Voss na ƙasar Norwe ran 4 ga watan Maris, 1888. Yana da shekara biyar iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin Shikago na Amurka. Da yake gidansu ba masu hali ba ne, sai da ya yi shekara huɗu yana aiki a gidan waya, yana tara kuɗin makaranta, kafin ya shiga Jami'ar Notre Dame ta Jihar Indiyana a 1910. Ilmin haɗa magunguna ya karanta, ya kuma gama a 1914.

A wannan jami'a ce ya shahara a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, watau wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan karawa kuwa su yi ta ƙoƙarin kayar da mai ita. A zamanin nan ƙarfi aka fi dogara da shi, Rockne kuwa ba wani ƙato ba ne. Saboda haka lokacin hutun 1913 shi da abokinsa Gus Dorais suka duƙufa a bakin Tafkin Erie, Dorais yana jefa ƙwallo gaba, shi kuma yana cafewa a guje. Doka ta yarda da irin wannan jifa tun 1906, amma ba a cika amfani da ita ba. Ran 1 ga Nuwamba suka gwada dabarar a kan makarantar hafsoshin soja ta West Point, suka ci su 35 da 13.

Bayan ya gama karatu ya taimaka wajen koyarwa da horar da 'yan wasa, har aka danƙa masa ragamar ƙungiyar a 1918. Notre Dame makarantar 'yan Katolika ce, wasu manyan jami'o'in da ke maƙwabtaka da ita kuma sun ƙi karawa da ita. Sai Rockne ya riƙa ɗaukar yaransa a jirgin ƙasa gabas da yamma, har talakawa baƙin haure da ba su taɓa taka jami'a ba suka ɗauki ƙungiyar tamkar tasu. Cikin shekara 13 ya ci wasa 105, an ci shi 12, an yi kunnen doki 5. Ya zama zakaran ƙasa a 1924 da 1929 da 1930, ko da yake a 1929 ciwon ƙafa ya sa yana ba da umarni daga keken marasa lafiya.

Ran 31 ga Maris, 1931, fiffiken katako na jirgin saman da ya ɗauko shi ya ɓalle a sararin Jihar Kansas. Duk mutum takwas ɗin da ke ciki suka mutu, Rockne yana da shekara 43. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa hukuma ta tsananta binciken jirage, kamfanoni kuma suka karkata ga ƙera na ƙarfe zalla.